Babulen Kurfai da fim ɗin da ya yi musu suna

A watan Janairu na 1987, shekarar da makaɗin fadar Faransa Jean-Baptiste Lully ya cika shekara 300 da mutuwa, aka sake nuna wani wasansa mai suna Atys a gidan wasa na Opéra-Comique da ke birnin Paris. Atys opera ne, wato wasan kwaikwayon da ake rera dukan maganganunsa da waƙa, kiɗa da rawa na yi masa rakiya. An fara nuna shi ranar 10 ga Janairu 1676 a gaban Sarki Luwi na 14, cikin zamanin da Turawa ke kira barok, wanda ya kama daga wajen 1600 zuwa 1750. Sarkin ya so wasan ƙwarai har aka riƙa kiransa operar sarki. Daga tsakiyar ƙarni na 18 sai aka daina yin sa, ya kwanta cikin ɗakunan ajiye littattafai fiye da shekara 200. William Christie, Ba'amurken da ya zauna Faransa ya kafa ƙungiyar makaɗa ta Les Arts Florissants a 1979, shi ne ya tashe shi. Faifan da kamfanin Harmonia Mundi ya fitar a 1987 ya zagaya duniya, masana suka yaba, Faransawa kuma suka waiwayi wani ɓangare na gadonsu da suka yi wa riƙon sakainar kashi. A wannan shekarar ce aka kafa cibiyar nazarin kiɗan barok a Versailles.

Ƙasar Kurfai ma tana da abin da ya yi kama da wannan. Akwai wani al'amari na kiɗa da rawa da kwaikwayo da ya tsiro a cikinta a 1925, wanda wani Bafaranshe ya ɗauka a fim a 1954, fim ɗin ya ci kyauta, ya zama abin koyarwa a jami'o'in Turai da Amurka har yau. Bambancin shi ne faifan Atys ya mayar wa Faransawa da kayansu, shi kuwa wannan fim ya yi suna, mai fim ya yi suna, amma ƙasar da abin ya fito ba a jin ɗuriyarta. Al'amarin shi ne Babule, wanda Zabarmawa suka ari kalmarmu suka kira Hauka. Fim ɗin kuwa shi ne Les Maîtres fous na Jean Rouch.

Kurfai kafin zuwan Babule

Kurfai na kwance a arewacin Dallol Boso, babban garinta Filinge, mai tazarar kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Kurfayawa Hausa suke yi, amma suna zaune ne a bakin iyakar harsuna: Zabarmawan Tondikanje da Buzayen Imanan daga kudu, Arawa daga gabas, makiyayan Azawak daga arewa. A ƙarni na 19 babu wani sarki guda da ke mulkin ƙasar baki ɗaya irin na Katsina ko Damagaram. Kowane gari na da dattawansa da masu kula da tsafin ƙasa, idan yaƙi ya taso kuma sai a bi mayaƙin da ya fi jarumta da jama'a. Ikon mayaƙi na ƙaruwa ko ya ragu gwargwadon nasararsa.

Da Faransawa suka kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20, sun nemi mutum guda da za su riƙa yi wa umarni. Suka samu Mayaƙi Gado Namalaya, wanda ya taimake su, suka naɗa shi sarkin kanton Kurfai. Daga nan ikon da a da jama'a ke bayarwa su kuma janye in sun ga dama ya zama na dindindin, bindigar Nasara na bayansa. Ta hannun sarki ake karɓar lanho, ta hannunsa ake ɗibar matasa zuwa aikin tilas da aikin soja. Yunwar 1913 da 1914 ta bi ta kan talakawa, yaƙin duniya na farko ya kwashi samari, waɗanda suka dawo kuma suka dawo da labarin fareti da ƙaho da galan hafsoshi. A 1922 aka mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mallaka. Cikin wannan hali ne abin ya faru.

Shibo da sababbin iskoki

A 1925, a garin Shikal da ke kusa da Filinge, wata mata mai suna Shibo ta hau wani iska da masu bori ba su taɓa gani ba. Iskokin bori da aka sani suna da sarakuna da malamai da maharba da Fulani da Buzaye. Wannan kuwa soja ne. Ba a daɗe ba irinsa suka yawaita, suka kama matasa maza da mata gari bayan gari. Wanda suka hau sai jikinsa ya sandare, idanu su kakkafe, kumfa na fita daga baki, yana taku irin na fareti, yana sarawa, yana ba da oda da wani gauraye na Faransanci. Suna riƙe wuta a hannu, suna goga ta a jiki don nuna cewa ba mutum ne ke tsaye ba. Suka ce daga Bahar Maliya suka zo, babbansu kuma Istambula. A cikinsu akwai Gwamna da Janar da Laftana da Kafaran Gardi da Lokotoro da Sakatare, wato dukan tsanin mulkin Nasara tun daga sama har ƙasa.

Mabiyan Shibo ba su tsaya ga rawa ba. Sun riƙa taruwa a daji suna atisaye da bindigogin icce, suka ƙi bin umarnin sarkin kanto, suka ƙi aikin tilas. Kumandan Yamai na lokacin, Horace Crocicchia, ya sa aka kamo kimanin mutum 60, har da Shibo, aka kai su Yamai aka tsare, aka yi ta dukansu don su furta da bakinsu cewa babu wasu iskoki. Abin da ya biyo baya ya kamata kowane mai nazarin mulki ya lura da shi: shi kansa kumandan ya shiga cikin jerin iskokin. Aka sami sabon Babule mai suna Kumandan Mugu, wanda ake kuma kira Korsasi, mai zafin rai da zagi. Mutumin ya ci gaba da aikinsa har ya zama gwamnan Gine a shekarun 1940, amma a wuraren wasan bori na yammacin Nijar halinsa na 1925 ne ya dawwama.

A 1927 rikici ya sake tashi a kan gadon sarautar Kurfai, inda ƴan Babule suka ƙi ɗan Gado Namalaya da Faransawa ke mara wa baya. Wannan karon aka kori shugabanninsu daga ƙasar, aka kai su nesa. Masanin tarihi Finn Fuglestad, a wani nazari da ya buga a 1975, ya ɗauki wannan yunƙuri a matsayin tawayen talakawa ga sabuwar sarautar da aka ɗora musu. Wasu masana, kamar Nicole Échard da ta yi aiki a Adar da Kurfai, sun fi duba yadda bori ke buɗe ƙofa ga kowane sabon ƙarfi da ya shigo ƙasa, ya ba shi suna da take da wurin zama. Fassarorin biyu ba su kore juna ba. Mutanen da aka hana su magana a gaban kumandan sun sami hanyar sa kumandan ya yi magana ta bakinsu.

Hanyar Kurmi

Korar ba ta kashe Babule ba, sai ma ta watsa su. Sun shiga Arewa da Adar, suka shiga ƙasar Zabarmawa da Sanwai, suka gangara har Kano, inda masu bori ke kiransu Turawa. Mafi nisan tafiyarsu ita ce ta ƴan ci-rani. A waɗannan shekaru dubban matasan yammacin Nijar na gangarawa Gwalkwas bayan girbi, don neman kuɗin lanho da na aure. Suna dako a tashar jiragen ruwa, suna haƙar zinariya, suna aiki a gonakin koko, suna tallan kaya a kasuwannin Kumasi da Ankara. Iskokin suka bi su tun daga ƙarshen shekarun 1920. A can suka tarar da wani mulkin Nasara, na Ingila, sai jerin ya ƙaru da direban jirgin ƙasa da direban babbar mota da matar likita.

A Ankara Jean Rouch ya same su. Ya fara zuwa Nijar ne a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, daga baya ya koma nazarin al'adun Sanwai, kuma binciken ci-rani ne ya kai shi Gwalkwas. Shugabannin Hauka na can da kansu suka gayyace shi ya ɗauki babban taronsu na shekara, wanda aka yi cikin watan Agusta na 1954 a wata gona da ke wajen birni.

Abin da na'ura ta kama

Rouch ya yi aiki da ƙaramar na'urar Bell & Howell wadda ake wanawa da hannu kamar agogo, ba ta wuce sakan 25 tana ɗauka sai ta tsaya. Ba ta ɗaukar murya. Abokan aikinsa ƴan Nijar, Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia, su ne suka ɗauki sauti da wata na'ura dabam. Daga baya a Paris aka harhaɗa guntayen hotunan, aka ɗora muryar Rouch a kai tana bayani daga farko har ƙarshe. Fim ɗin bai wuce kimanin rabin sa'a ba. A ciki ana ganin mai goge na kiran iskoki, ana ganin leburori sun zama gwamna da janar suna taron shawara, ana fasa ƙwai a kan gunkin gwamna, sai hoto ya yanke zuwa farin gashin tsuntsu da ke kan hular gwamnan Ingila na gaskiya a wajen fareti. Ana yanka kare a ci. Washegari kuma sai a nuna mutanen nan suna murmushi a wuraren aikinsu. Sunan fim ɗin na da fuska biyu: yana iya nufin gwanayen hauka, yana kuma iya nufin iyayengiji mahaukata, wato masu mulkin da ake kwaikwayo.

Da aka fara nuna shi a gidan tarihi na Musée de l'Homme a Paris, malamin Rouch, Marcel Griaule, ya nemi a lalata shi. Ɗaliban Afirka da ke zauren suka ce zai ƙarfafa masu kallon baƙar fata a matsayin dabba. Hukumar Ingila ta hana nuna shi a Gwalkwas, don ta gane da wa ake. Duk da haka ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venis a 1957, shekarar da Gwalkwas ta sami ƴanci ta zama Gana. Marubucin wasan kwaikwayo Jean Genet ya sami tasiri daga gare shi, Peter Brook kuma ya nuna wa ƴan wasansa shi don su koyi sarrafa jiki. A 1965 Usman Sembène na Sanigal ya faɗa wa Rouch ido da ido cewa masu irin aikinsa suna kallon ƴan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari. Muhawarar ba ta mutu ba har bayan rasuwar Rouch a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu na 2004.

Abin lura shi ne kusan dukan wannan muhawara ta tsaya ne a kan Rouch da Turawan da ke kallo. Mai kallo zai iya gama fim ɗin bai san akwai wata mata a Shikal ba, bai san da kurkukun Yamai ba, bai san cewa Kumandan Mugun da yake gani a allo mutum ne mai suna da lambar aiki ba. Abin da aka nuna masa shi ne baƙin haure da rayuwar birni ta gigita, suna neman sauƙi ta hanyar hawan iska. Asalin siyasar al'amarin, wato rigimar lanho da aikin tilas da sarautar da aka ƙaƙaba wa Kurfayawa, ya faɗi a hanya tsakanin Filinge da Ankara.

Inda kamar ta tsaya

Haɗa opera da bori ba sabon abu ba ne. Gilbert Rouget, masanin kiɗa kuma abokin Rouch, ya yi shi a littafinsa na 1980 a kan kiɗa da fitar hayyaci. Ya nuna cewa kiɗa ba ya jefa mutum cikin hawan iska kamar yadda magani ke sa barci. Aikinsa shi ne ya ambaci wanda ake kira, domin kowane iska na da takensa, kuma da jin taken doki da ƴan kallo duk sun san wa ke tafe. Haka mawaƙin opera ke shiga rigar wani, kiɗa na sanar da ko shi wane ne. Labarin Atys kansa labarin hauka ne: wata allahiya ta tsohon addinin Rumawa ta so wani saurayi, ya ƙi ta saboda wata budurwa, sai ta jefa masa hauka har ya kashe budurwar da hannunsa. Sai dai dole a yi hattara. Mawaƙin opera ya san wasa yake yi, yana karɓar albashi. Dokin Babule kuwa, a wurinsa da wurin jama'arsa, ba ya nan sam lokacin da iska ya sauka, kuma kiran abin wasan kwaikwayo fassara ce ta mai kallo daga waje. Haka nan an shirya Atys ne don ɗaukaka mai mulki a cikin fadarsa, Babule kuwa talakawa ne suka ɗauki siffar mai mulki suka tsaya da ita a fili inda kowa zai auna ta.

Babban bambancin da ya shafe mu shi ne na ajiya. Atys ya iya tashi bayan shekara 200 domin an rubuta kiɗansa, an kuma buga shi a littafi tun 1689. Christie ya buɗe takarda ya tarar da kowane sauti a wurinsa. Taken Babule da kirarinsu ba su da takarda. Suna cikin yatsun mai goge da hannun mai ƙwarya da bakin mai kirari, kuma in waɗannan suka kwanta dama ba su koya wa kowa ba, shi ke nan. Fim ɗin 1954 ya kama jiki da fuska, amma kiɗan ya zo a gutsure, ƙarƙashin muryar mai bayani. Rouch ma ya nemi gyara wannan da na'urori suka inganta: a 1971, a Simiri ta Zarmaganda, ya ɗauki Tourou et Bitti a zubi ɗaya ba yankewa, hoto da sauti tare. Amma wannan a ƙasar Zabarmawa ne, kuma ba Babulen Kurfai aka nufa ba.

Abin da ya rage a hannunmu

Mai karatu na iya cewa bori shirka ne, me ya haɗa malamin makaranta da shi? Amsar ita ce sanin tarihin abu dabam ne da bauta masa. Bafaranshen da ya sayi faifan Atys bai koma addinin Rumawa ba. Malaman Sakkwato da suka yaƙi bori da alƙalami sai da suka san shi kafin su yi rubutu a kansa. Wanda ya cire 1925 daga tarihin Kurfai don ƙyamar bori ya cire ɗaya daga cikin manyan yunƙurin ƙin mulkin mallaka a yammacin Nijar, wanda kuma mace ce ta jagorance shi. Ƴan makarantarmu sun san Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, sun san Kawsan na Agadas da yaƙin 1916 da 1917. Shibo ta cancanci a ambace ta a aji tare da su, a kuma bar ɗalibai su yi gardama a kan ko abin da ta yi tawaye ne ko addini ko duka biyu.

Kayan aikin suna nan. A Yamai akwai cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta IRSH, da cibiyar tattara tarihin baka ta CELHTO wadda aka kafa a 1968, da cibiyar horar da makaɗa ta Alhaji Taya da aka buɗe a 1989, ga kuma tsofaffin kaset na gidan rediyon ƙasa. A Faransa an mai da tarin sautukan Musée de l'Homme zuwa na kwamfuta, kuma ana iya sauraron da yawa daga ciki ta intanet. Ƙungiyar al'adu ta ƴan Kurfai na iya rubuta wa waɗannan wurare ta nemi kwafin duk abin da aka ɗauka a yankin Filinge, ta zauna da dattawa su saurara, su faɗi sunan take da sunan mai kiɗa da garinsu, tun da sau da yawa masu ɗauka ba su rubuta waɗannan ba. Tana iya sa wa fim ɗin Rouch bayani da Hausa da Zabarmanci, wanda zai fara daga Shikal kafin ya isa Ankara. Wayar hannu ta yau kuma ta fi na'urar 1954 iya ɗaukar sauti nesa ba kusa ba.

Lokaci ne ke ƙurewa. Waɗanda suka ga Shibo da idonsu sun tafi, saura ƴaƴa da jikokin da suka ji daga bakinsu, da tsofaffin ƴan Kurmi da suka dawo gida bayan dokar korar baƙi ta Gana a 1969. Rashin tsaron da ya addabi arewacin jihar Tilaberi tun wajen 2017 ya tashi garuruwa, ya raba dattawa da majalisunsu. A 2011 wani attajirin Amurka, Ronald Stanton, ya biya kuɗin sake nuna Atys don yana son ya ƙara ganinsa kafin ya mutu, kuma aka iya yi masa haka domin takarda da faifai suna nan. Kurfai ba ta jiran attajiri. Abin da aikinta ke bukata shi ne malami guda a Filinge ko Shikal da zai ɗauki waya da littafin rubutu a hutun bana, ya je ya gaida wani tsoho, ya tambaye shi abin da kakarsa ta ba shi labari game da shekarar da aka kai mutane Yamai a ɗaure.